Nusaiba 'Yar Ka'abu: Matar Da Ta Je Uhudu Da Salkar Ruwa, Ta Ƙare Da Takobi A Hannu

Da wuya ka shiga makarantar Islamiyya a unguwanninmu ka rasa yarinya mai suna Nusaiba. Amma in ka tambayi iyayen wace ce mai asalin sunan, iyakar amsar da yawansu ita ce sahabiya ce jaruma, shi ke nan. To yau bari mu ɗan tsaya a kan rayuwar wannan baiwar Allah, musamman yadda aka yi ta fita da ranta a ranar da maza da yawa suka rasa nasu.

Sunanta Nusaiba 'yar Ka'abu, ana yi mata alkunya da Ummu Umara, Allah Ya ƙara mata yarda. Mutuniyar Madina ce, daga gidan Banu Mazin na dangin Banu Najjar, cikin ƙabilar Khazraj. Ta auri Zaidu ɗan Asimu suka haifi Abdullahi da Habibu. Daga baya ta auri Gaziyya ɗan Amru, suka haifi Tamimu da Khaulatu. Tana cikin mutanen Madina na farko da suka karɓi Musulunci. A shekara ta 622, lokacin aikin Hajji, maza 73 da mata 2 suka sulale cikin dare zuwa Aƙaba, kusa da Mina, suka yi wa Manzon Allah (SAW) mubaya'a a kan za su kare shi kamar yadda suke kare iyalansu. Matan nan biyu su ne Nusaiba da Asma'u 'yar Amru. Wato tun kafin Hijira alkawarin kariya yana wuyanta.

Ranar cika alkawari ta zo a watan Shawwal na shekara ta 3 bayan Hijira, daidai da shekara ta 625. Ƙuraishawa suka taso daga Makka su kusan 3,000, da dawakai 200, don ramuwar kashin da suka sha a Badar. Musulmi sun fito su 1,000, sai Abdullahi ɗan Ubayyu ya janye da mutum 300 a hanya, aka bar 700. Aka yi daga a gindin dutsen Uhudu, arewa da Madina. Annabi (SAW) ya ɗora maharba 50 a kan wani ɗan tudu ƙarƙashin Abdullahi ɗan Jubairu, ya gargaɗe su kada su sauko ko mene ne ya faru.

Nusaiba ta fito ne da mijinta Gaziyya da 'ya'yanta Abdullahi da Habibu. Aikin da ya kai ta shi ne shayar da mayaƙa da duba masu rauni, don haka salkar ruwa ce a kafaɗarta. Sai dai akwai wani ɗan abu da ba a cika ambata ba: tun daga gida ta yayyaga ƙyallaye ta ɗaure su a ƙugu saboda ɗaure rauni. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Da safe nasara tana hannun Musulmi. Da maharba suka ga abokan gaba sun juya, yawancinsu suka sauko neman ganima. Ai kuwa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Khalidu ɗan Walidu, wanda a lokacin bai musulunta ba, ya zagayo da mahaya dawakai ta bayan tudun ya afka wa Musulmi. Wuri ya yamutse, sahu ya watse. A ruwayar da Ibnu Sa'ad ya kawo cikin littafinsa Ɗabaƙat, ita da bakinta ta ba da labarin cewa waɗanda suka rage kusa da Annabi (SAW) a wani lokaci ba su kai mutum 10 ba.

Nan take ta ajiye salka, ta tattare tufafinta ta ɗaure a ƙugu don kada su harɗe ta, ta ɗauki takobi, tana kuma harbi da baka. Ita da mijinta da 'ya'yanta suka tsaya wuri guda a gaban Annabi (SAW), kowa yana tsare ɗan uwansa. Ka ga, ba ta ruga cikin taron abokan gaba ita kaɗai don a ce ta yi jarumta ba. Ta tsaya inda ake buƙatarta, kusa da nata.

Ba ta da garkuwa. Annabi (SAW) ya lura da haka, sai ya hangi wani mutum yana barin fili da tasa garkuwar, ya umarce shi ya jefa wa mai yaƙi. Ya jefar, ta ɗauka. Jim kaɗan sai ga wani mahayi ya nufo ta ya kawo sara. Ta tare da garkuwar, takobinsa bai yi mata komai ba. Da ya juya, ba ta tsaya neman kai masa sara can sama ba, don wanda ke ƙasa bai isa ya kai ga mahayi yadda yake so ba. Sai ta sari agarar dokin, doki ya kife, mahayin ya faɗo da baya. Annabi (SAW) ya kira ɗanta Abdullahi ya taimaki mahaifiyarsa, suka gama da shi tare. Daga baya takan ce mahaya ne suka yi musu ɓarna a ranar, da a ƙasa suke kamar su da labari ya sha bamban.

Can kuma wani dogon mutum ya sari Abdullahi a hannun hagu, jini ya ƙi tsayawa. To ga ranar ƙyallayen nan. Ta zo ta ɗaure raunin tam, ta ce masa ya tashi ya koma bakin daga. Da mutumin ya sake bayyana, Annabi (SAW) ya nuna mata shi, ta tare shi ta sare shi a ƙafa ya durƙushe. Karo na biyu ke nan tana neman inda ya fi sauƙin isa a jikin wanda ya fi ta tsawo da ƙarfi.

Sara mafi muni da ta sha daga Ibnu Ƙami'a ne, mutumin da ya kashe Mus'abu ɗan Umairu mai riƙe da tutar Musulmi. Ya zo yana neman Annabi (SAW) ido rufe, tana cikin waɗanda suka sha gabansa. Ta kai masa sara fiye da sau ɗaya, amma sulke biyu ne a jikinsa, takobi bai shiga ba. Shi kuwa ya sare ta a kafaɗa, sara mai zurfi. Shekaru bayan haka Ummu Sa'ad 'yar Sa'adu ɗan Rabi'u ta ga tabon, ta tarar da shi rami ne sosai a kafaɗar. A ranar Musulmi kusan 70 suka yi shahada. Nusaiba ta koma gida da raunuka 12, a wata ruwayar 13. Umar ɗan Khaɗɗabi ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya shaide ta da cewa duk inda ya waiwaya, dama ko hagu, sai ya gan ta tana kare shi. A filin nan ne ta roƙe shi ya yi addu'a ita da iyalinta su zama maƙwabtansa a Aljanna, ya kuwa yi.

Washegari aka yi shelar bin sawun Ƙuraishawa zuwa Hamra'ul Asad. Ta ɗaura ɗamara za ta bi, jini ya hana ta, dole ta haƙura aka kwana ana yi mata jinya. Raunin kafaɗar nan shekara guda cur ta yi tana maganinsa.

Da ta warke ba ta zauna ba. Tana nan a Hudaibiyya a shekara ta 6 cikin masu mubaya'a ƙarƙashin bishiya, ta je Khaibar, ta je Hunainu a shekara ta 8, inda aka sake yi wa Musulmi kwanton ɓauna, tana cikin waɗanda suka dake.

Jarrabawa mafi ɗaci ta zo mata ta kan ɗanta Habibu. Ya faɗa hannun Musailama maƙaryaci, mai da'awar annabta a Yamama. Musailama ya nemi ya shaida masa da manzanci, Habibu ya ƙi, aka riƙa yanke gaɓoɓinsa ɗaya bayan ɗaya har ya cika. Bayan wafatin Annabi (SAW) a shekara ta 632, Halifa Abubakar ya shirya runduna zuwa Yamama. Nusaiba ta nemi izini ya ba ta. Ikon Allah, jagoran rundunar shi ne Khalidu ɗan Walidu, wanda mahayansa suka yi musu ɓarna a Uhudu, yanzu ɗan uwa ne a addini. A gumurzun da aka yi cikin lambun da Musailama ya fake, an sare mata hannu ɗaya, ta kuma sami wasu raunukan fiye da 10. Ɗanta Abdullahi yana cikin waɗanda suka kashe Musailama, tare da Wahshi. Da tafasasshen mai aka ƙone dungun hannun don jini ya tsaya, kamar yadda ake yi a wancan zamani. Nan ma ta rayu. Da ta dawo Madina, Halifa Abubakar da kansa yakan je gaishe ta.

Umar ma bai manta da ita ba. An taɓa kawo masa wasu mayafai, ɗaya ya fi sauran kyau, aka ba shi shawara ya ba matar ɗansa. Sai ya aika wa Ummu Umara, saboda abin da ya ji Annabi (SAW) ya faɗa a kanta. A zamanin halifancinsa, wanda ya fara a shekara ta 13 bayan Hijira, ta rasu. Abdullahi kuwa ya rayu har shekara ta 63, kuma shi ne mai shahararren hadisin nan na siffar alwalar Annabi (SAW) da yaranmu ke karantawa.

Jama'a, in muka duba da kyau, ƙarfin damtse bai cikin abin da ya fitar da Nusaiba daga Uhudu. Bayan kiyayewar Allah, ta zo da shiri, hankalinta bai gushe ba lokacin da na wasu ya tashi, ta fara da kare jikinta kafin ta kai sara, ta yi amfani da abin da ta samu a wurin, kuma ba ta rabu da nata ba. Sannan a lura, yaƙinta duk ƙarƙashin shugabanci ta yi shi, ko Yamama sai da ta nemi izini. Malaman fiƙihu sun halatta wa mutum ya tunkuɗe wanda ya kawo masa hari, amma da gwargwadon abin da zai tsayar da sharrin. In haɗari ya wuce, magana ta koma hannun hukuma, ba a bin mutum gida da sunan ramuwa.

Saboda haka mai 'ya Nusaiba, ka ba ta labarin takwararta gaba ɗayansa, har da ƙyallayen nan na ƙugu. Ka bari ta koyi yadda ake tsayar da jini, da yadda za ta ƙwaci kanta ta yi kururuwa ta nemi inda mutane suke in wani ya tare ta a hanya. Allah Ya tsare mu da zuri'armu, Ya ƙara wa Ummu Umara yarda.