Uwar da Ta Naɗa wa Imamu Malik Rawani

An haifi Imamu Malik a Madina wajen shekara ta 93 bayan Hijira. An ruwaito cewa da ƙuruciya waƙa ce ta ɗauke masa hankali. Mahaifiyarsa ba ta yi masa baki ba, ba ta kuma zuba masa ido ba. Ta sa masa tufafin malamai, ta naɗa masa rawani, ta tura shi majalisin Rabi'a, ta ja kunnensa ya koyi ladabin malamin kafin iliminsa.

Yaron nan shi ya wallafa Muwaɗɗa. Ya rasu a shekara ta 179, har yau mazhabarsa ake karantarwa a zaurukanmu.

To ɗan'uwa, naka ɗan da ya fara tasawa, gun wa ka tura shi? Allah Ya shirya mana zuri'a.