Waliyyi Toma na Akwino, Majiɓincin Ɗalibai

Kowace shekara 'ya'yanmu na Yauri da Ngaski da Shanga sukan tafi jami'a a Sakkwato ko Birnin Kebbi, iyaye kuma suna fargaba kada yawan karatu da gardama su raba su da bangaskiya. Saboda wannan ne muka kawo tarihin Waliyyi Toma na Akwino, wanda Ikilisiya take tunawa da shi ran 28 ga Janairu.

An haifi Toma wajen shekara ta 1225 a Rokaseka, cikin ƙasar Italiya, a gidan sarauta. Yana ɗan shekara 5 aka kai shi gidan 'yan zuhudu na Monte Kasino. A 1239 ya shiga jami'ar Nafoli, inda ya karanta littattafan Aristotal, ya koyi manɗiƙi, watau ilmin auna hujja don a bambance magana mai tushe da maras tushe. A 1244 ya shiga ƙungiyar Dominikan, masu wa'azi cikin talauci. Danginsa ba su yarda ba, suka tsare shi kusan shekara guda, amma bai sauya ra'ayi ba. Da suka sake shi, sai ya yi karatu a hannun Waliyyi Albat Babba a Faris da Kolon. Abokan karatunsa sukan kira shi beben sa, domin ƙato ne maras yawan magana. A 1256 aka naɗa shi babban malamin tauhidi a jami'ar Faris.

A zamanin nan malamai da yawa suna tsoron falsafar Aristotal, domin shi ba Kirista ba ne. Toma kuwa ya koyar cewa hankali da wahayi duka daga Allah ɗaya suke, saboda haka ba za su ƙaryata juna ba. Idan aka ga kamar sun saɓa, to, akwai kuskure a cikin hujjarmu ko a fahimtarmu, sai a koma a bincika. Bai ɓoye iyakar hankali ba. Ya nuna hanyoyi 5 da hankali zai bi ya gane akwai Allah, amma asirin Triniti sai ta wurin wahayi.

A babban littafinsa na tauhidi, Summa Theologiae, kowace mas'ala da tambaya take farawa. Sai ya jera hujjojin masu saɓa masa da dukan ƙarfinsu, sa'an nan ya ba da tasa amsa, ya warware nasu ɗaya bayan ɗaya. Ya karanta malaman Musulmi irin su Ibn Sina da Ibn Rushd, da malamin Yahudawa Musa bin Maimun, ya karɓi abin da ya ga daidai ne, ya amsa sauran da hujja. Ko a ƙasar Hausa ilmin nan ba baƙo ba ne, gama Shehu Magili, wanda ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi rubutu a kan manɗiƙi, ya kuma kāre karatunsa.

A watan Disamba na 1273, bayan wani abu da ya same shi a lokacin Misa, Toma ya ajiye alƙalami, ya ɗauki dukan rubutunsa kamar ƙaiƙayi a gaban abin da aka nuna masa. Ya rasu ran 7 ga Maris, 1274, a Fosanoba, yana kan hanyar zuwa Majalisar Ikilisiya ta Liyon. A 1277 Bishop na Faris ya haramta waɗansu ra'ayoyi da suka taɓa koyarwarsa, duk da haka a 1323 Paparoma Yohanna na 22 ya sa shi cikin waliyyai. A 1880 Paparoma Leo na 13 ya naɗa shi majiɓincin makarantun Katolika. Har yau mai neman zama fada yakan fara da falsafa kafin tauhidi.

Masuncin tafkin Kainji ba ya jefa taru sai ya duba kowane ƙulli, gama ƙulli ɗaya in ya kwance, wahalar dare ta tafi a banza. Haka ɗalibi zai duba hujjarsa, ko shari'a yake karantawa, ko aikin likita, ko tauhidi. Iyaye, kada mu tsawata wa yaron da ya dawo hutu da tambayoyi masu wuya. Mu zauna da shi, ko mu kai shi wurin katekis ko fada. Mu kuma da muke zaune da maƙwabta Musulmi a kasuwar Yelwa, mu koyi faɗin ra'ayin mutum yadda shi da kansa zai yarda da shi, kafin mu ba shi amsa.

Waliyyi Toma na Akwino, ka yi addu'a domin ɗalibanmu. Amin.