Le Chatelier, mutumin da ya auna wuta da ido

Duk wanda ya zauna ajin kimistiri a sakandare ya haddace ƙa'idar Le Chatelier, ya juye ta a takardar jarrabawa, ya fito ya manta. Ni ma haka na yi. Na ɗauka wani tsoho ne da bai taɓa barin gaban allo ba. Sai da na je IT bara a wata masana'antar narka ƙarfe, wani dattijon injiniya ya miƙo mini wata tsohuwar na'ura mai kama da tabarau mai hangen nesa, ya ce in leƙa tanderu in faɗa masa zafinsa. Na leƙa, na kasa. Ya yi dariya, ya ce fairomita ke nan, kuma kakanta shi ne mutumin nan da na haddace.

An haifi Henri Le Chatelier a birnin Faris a 1850. Mahaifinsa injiniya ne da ya yi aiki a harkar jirgin ƙasa da ƙarfe, don haka a cikin zancen tanderu yaron ya tashi. Ya shiga École Polytechnique a 1869 (i, shi ma ɗan foli ne, ko da yake tasu ta sha bamban da tamu), daga nan ya wuce makarantar ma'adinai, inda ya fara koyarwa a 1877. Ya yi bincike a kan fashewar iskar gas da ke kashe mahaƙa kwal, ƙa'idar tasa ta fito a 1884, digirinsa na dakta kuma a 1887 a kan siminti ya yi shi.

To a nan ne ya ci karo da matsalar. Ana gasa kayan siminti ne a kusan digiri 1450. Ma'aunin gilas na asibiti ko na lab ba ya ko kusantar nan, tunda zaiba tana tafasa tun a 357. Masu tanderu a lokacin da ido suke aiki, kamar maƙerin unguwarku: ja mai duhu, ja jajir, ruwan lemo, fari. Idon gwani yana da kyau fa, amma abin da ya gani da safe daban yake da abin da zai gani da dare, kuma ba ya rubutuwa a littafi balle a bar wa na baya.

Da farko ya haɗa waya biyu, ɗaya filatinum zalla, ɗaya filatinum mai kashi goma cikin ɗari na rodiyam. In mahaɗarsu ta yi zafi sai su ba da 'yar wutar lantarki da za a iya aunawa. Har yau ana amfani da irinta. Sai dai dole a cusa ta cikin wutar, filatinum kuwa yana narkewa a 1768, ga tsada.

A 1892 ya zo da dabarar da ta fi burge ni: kada a taɓa wutar kwata-kwata. Ka leƙa abin mai zafi ta jan gilas, a gefe ga harshen wata fitilar mai da aka san haskenta. Kana rage kafar da hasken tanderu ke shigowa har haske biyun su zama ɗaya a idonka, sai ka duba yawan ragin, ka fitar da zafin. Jan gilas ɗin shi ke hana bambancin launi ya ruɗe ka. Abin da ya sa dabarar ke aiki kuwa, jan haske yana ƙaruwa da saurin gaske: a wajen digiri 1000, ƙarin digiri 50 kacal yana ninka shi biyu. Ke nan ko idonka ya ɗan yi kuskure, kuskuren da zai fito a lissafi ƙarami ne. A 1901 wasu Jamusawa, Holborn da Kurlbaum, suka sa siririyar wayar ƙwan lantarki a madadin fitilar, kana murɗa wuta har wayar ta ɓace cikin hasken tanderu. Irin ta ce aka miƙo mini ran nan, ni kuwa ban ma san wayar zan nema ba.

Ba komai ya yi masa daidai ba. A wannan shekarar ta 1901 ya gwada haɗa amoniya daga naitirojin da haidirojin, iska ta shiga na'urar, ta fashe, saura ƙiris mataimakinsa ya mutu. Ya ajiye aikin. Bayan 'yan shekaru Fritz Haber ya kammala shi a Jamus, daga nan takin zamani ya samo tushe, shi kuwa Le Chatelier ya ɗauki wannan a matsayin babban kuskuren rayuwarsa ta bincike. Wani abin da ni dai bai kwanta mini ba shi ne yadda ya rungumi tsarin Taylor na ƙidaye wa lebura motsinsa da agogo. Ga alama son awo ya kai shi har kan mutane.

Ya rasu a 1936 yana da shekara 85. Ni kuma kafin in gama IT sai da na iya ɓatar da wayar nan, na karanta 1380, dattijon ya karɓa ya leƙa ya ce 1400.