Mai Shari'a George Sowemimo, Alƙalin da Ya Ɗaure Awolowo

An haifi George Sodeinde Sowemimo a Zariya ranar 8 ga Nuwamba, 1920. Ya yi karatun firamare a Kano, ya ci gaba a Legas, daga bisani ya karanta aikin lauya a Jami'ar Bristol da ke Ingila. Ya zama majistare a 1951, kuma a 1961 aka naɗa shi alƙalin Babbar Kotun Legas.

A wannan kotu ne aka gurfanar da madugun adawa, Cif Obafemi Awolowo, da wasu 'yan jam'iyyarsa ta AG a 1962, bisa zargin ƙulla makircin kifar da gwamnatin Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa. A watan Satumban 1963 Sowemimo ya yanke masa ɗaurin shekara goma, yana mai nuni da cewa doka ce ta ɗaure masa hannu.

Wannan furuci ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa. Magoya bayan Awolowo sun ɗauke shi a matsayin shaidar cewa an matsa wa kotu lamba. Masu kare shi kuwa suna ganin ya faɗi aƙidarsa ce: aikin alƙali shi ne bin doka kamar yadda aka rubuta ta, ko da zuciyarsa ba ta so. Yakubu Gowon ya saki Awolowo a 1966.

Sowemimo ya shiga Kotun Ƙoli a 1972, ya kuma riƙe muƙamin Alƙalin Alƙalan Nijeriya daga 1983 zuwa 1985. Ya rasu a watan Nuwamban 1997, yana da shekara 77.