Haffkine, Wanda Ya Fara Gwada Allurarsa A Jikinsa

Malamai da akawuna, mun san wahalar da kuke sha ran da masu allurar rigakafi suka iso Daudawa ko Faskari, mutane suka ɓoye 'ya'yansu. To, ga tarihin wani bawan Allah da ya kamata ku karanta musu.

An haifi Waldemar Haffkine a birnin Odessa cikin 1860, zamanin mulkin Sarkin Rasha. Da yake Bayahude ne, aka hana shi babban matsayi a jami'a, sai ya yi ƙaura zuwa Paris, ya kama aikin ɗakin littattafai a ma'aikatar Pasteur. Nan ya haɗa rigakafin kwalara cikin 1892, ya fara tsira wa kansa.

Cikin 1896 annobar ɓeraye, watau mai sa ƙaluluwa, ta faɗa wa birnin Bombay na ƙasar Hindu. Gwamnati ta kira shi. Ɗaki guda aka ba shi a makarantar likitoci ta Grant. Ya riƙa kiwon ƙwayoyin cutar cikin romo da ɗigon man shanu a bisa, sa'an nan ya kashe su da zafi. Matacciyar ƙwaya ba ta kawo ciwo, amma tana koya wa jiki yaƙi da mai rai. Wata uku kacal ya gama. Ran 10 ga Janairu, 1897, ya sake farawa da jikinsa.

Sai aka gwada a kurkukun Byculla. Cikin fursunoni 147 da suka yarda aka yi musu, biyu suka kamu, ba wanda ya mutu. Cikin 172 da ba a yi wa ba, 12 suka kamu, 6 suka mutu.

Amma cikin 1902 mutum 19 suka mutu a ƙauyen Mulkowal da cutar nan mai sandarar da jiki, dukansu kuwa daga kwalba guda aka yi musu. Aka ɗora masa laifi, aka raba shi da aikinsa. A ganinmu an yi gaggawar hukunci, gama daga baya ta bayyana a ƙauyen aka ɓata kwalbar, da hantsakin buɗe ta ya faɗi ƙasa. Sai 1907 aka wanke shi.

Cikin 1925 aka sa wa ma'aikatarsa ta Bombay sunansa. Ya rasu a Lausanne cikin 1930.