Olivier Messiaen, Makaɗin Ekklesiya (1908–1992)

Mu da muka tashi da amon algaita da kakaki na fadar Daura mun san kiɗa yana da masu gida. A wannan wata za mu ba da tarihin wani makaɗi Bafaranse, ɗan Katolika, wanda ya miƙa dukan fasaharsa ga Sarkin sarakuna.

An haifi Olivier Messiaen a Avignon ranar 10 ga Disamba, 1908. A 1931, yana ɗan shekara 22, aka naɗa shi mai kaɗa ogan a Cocin Triniti Mai Tsarki da ke birnin Faris. Bai bar wannan kujera ba har shekara 60.

Bai ji tsoron sabon abu ba. A lokacin an ƙago wani kayan kiɗa mai aiki da lantarki, ondes Martenot, wanda muryarsa ke hawa da sauka kamar kukan iska. A 1937 ya shirya kiɗa domin guda shida daga cikinsu.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke aka ɗauke shi soja, Jamusawa kuma suka kama shi a 1940, suka tsare shi a sansanin fursunoni na Görlitz. Ga yunwa, ga tsananin sanyi. A can yana tare da makaɗa uku: mai busa kilarinet, mai gogen Turawa, da mai babban goge. Wani mai gadi Bajamushe ya samo masa takarda da fensir. Sai ya ɗauki sura ta 10 ta Ru'ya ta Yohanna, inda mala'ika mai iko ya sauko daga sama, ya rubuta Kiɗan Mutum Huɗu domin Ƙarshen Zamani, kashi takwas. Kashi na biyar, yabo ga dawwamar Yesu, daga wancan kiɗan lantarki na 1937 ya ɗauko shi, ya mayar wa babban goge. Ranar 15 ga Janairu, 1941, suka kaɗa shi gaban fursunoni da masu tsaronsu, shi kansa yana kan wani tsohon fiyano.

Bayan sakinsa a wannan shekara ya zama malami a babbar makarantar kiɗa ta Faris, inda ya koyar har 1978. Boulez da Stockhausen suna cikin almajiransa. Amma bai tsira daga suka ba. A 1945, sa'ad da aka fara kaɗa waƙoƙinsa uku a kan kasancewar Allah tare da mu, masu sharhi a jaridu suka yi masa ca, wasu suna ganin irin wannan amo bai dace da abu mai tsarki ba. Mun sha jin makamancin wannan gardama a kan ganga da kalangu a cikin sujadarmu, kuma a ganinmu masu sukan ne suka yi kuskure.

A gida ma ya ɗauki gicciyensa: matarsa ta fari, Claire Delbos, ta yi shekaru cikin ciwon mantuwa kafin ta rasu a 1959.

Yakan fita jeji da asuba yana rubuta kukan tsuntsaye, abin da manomin Sandamu ke ji kyauta kowace damina, ya saka shi cikin kiɗansa. Ba mamaki babban aikinsa na tsufa, wanda aka nuna a Faris a 1983, a kan Waliyyi Faransis na Assisi ne, mai yi wa tsuntsaye wa'azi. Ya rasu ranar 27 ga Afrilu, 1992, yana da shekara 83.