Waliyi Agustin na Hippo, Malamin Ƙaunar Allah

A ƙarshen watan Agusta, sa'ad da kogin Haɗeja ke tumbatsa yana malala cikin fadamu, Ikkilisiya takan tuna da uwa da ɗanta a jere: Waliyya Monika ranar 27, Waliyi Agustin ranar 28. Dukansu 'yan Afirka ne. An haifi Agustin a shekara ta 354 a garin Tagaste, cikin ƙasar da ake kira Aljeriya a yau. Mahaifinsa Patrisiyus bai karɓi baftisma ba sai dab da rasuwarsa, mahaifiyarsa kuwa Kirista ce mai naciya cikin addu'a.

Yaron yana da kaifin basira, amma zuciyarsa ba ta zauna wuri ɗaya ba. A birnin Kartaj, inda ya je karatu, ya ɗauki wata mace ba tare da aure ba, suka haifi ɗa mai suna Adiyodatus. Ya kuma yi shekara tara cikin ƙungiyar Mani, masu cewa mugunta wani iko ne dabam da ke ja da Allah. A cikin waɗannan shekaru wani amininsa ya rasu a Tagaste, baƙin ciki ya hana shi zaman garin. Daga baya ya gane ciwonsa: ya ƙaunaci mutum mai mutuwa sai ka ce ba zai mutu ba, ya ɗora wa aboki nauyin da Allah kaɗai ke iya ɗauka.

Koyarwa ta kai shi Roma, daga nan Milan a 384, inda wa'azin Bishop Ambros ya warware masa shakkunsa game da Littafi Mai Tsarki. Hankalinsa ya yarda, amma sha'awa ta riƙe shi har 386, ranar da ya buɗe Wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa a cikin wani lambu, ya tuba. Ambros ya yi masa baftisma tare da ɗansa a daren Ista na 387. A shekarar nan Monika ta rasu a Ostiya, bayan ta ga abin da ta daɗe tana roƙo da hawaye. Agustin ya koma Afirka, aka naɗa shi firist a Hippo a 391, bayan 'yan shekaru ya zama bishop na birnin.

Abin da ya koyar ya fito ne daga abin da ya sha. A ganinsa babu mutumin da ba ya ƙauna. Tambayar ita ce me yake ƙauna, da kuma wanne ya sa a gaba. Ya kwatanta ƙauna da nauyin da ke jan kowane abu zuwa mazauninsa. Manomin fadama ya san wannan: ruwa ba ya shawara da kowa, gangare yake bi. Haka zuciya take bin abin da take so, kuma ba ta iya juya kanta da ƙarfinta, sai Allah ya fara zuba ƙaunarsa a cikinta ta wurin Ruhu Mai Tsarki. Wannan ne ya kira alheri, a kansa kuma ya yi doguwar muhawara da Felajiyus, wanda ya dogara ga ƙoƙarin mutum.

Daga wannan tushe sauran koyarwarsa ta tsiro. Ya koyar cewa duk wanda ya fassara Littafi Mai Tsarki ta hanyar da ba ta gina ƙaunar Allah da ta maƙwabci ba, bai fahimce shi ba tukuna. Da yake neman misalin Triniti Mai Tsarki, sai ya duba mai ƙauna, da wanda ake ƙauna, da ƙaunar da ta haɗa su. Bayan an washe Roma a 410, ya rubuta babban littafinsa, Birnin Allah, inda ya nuna cewa ƙauna iri biyu ce ta gina birane biyu: son kai har a raina Allah, da son Allah har a manta da kai.

Ba a kan takarda kaɗai ya tsaya ba. Kullum yana zaman sulhunta masu ƙara, ya kuma sa aka narkar da tasoshin coci domin fansar kamammu da taimakon matalauta. Sai dai akwai tabo: a rikicin Donatawa, waɗanda suka ɓalle daga Ikkilisiyar Afirka, ya amince daga baya hukuma ta tilasta musu komowa. Wannan bai dace da koyarwarsa ba, kuma Majalisar Batikan ta Biyu ta bayyana a 1965 cewa ba a tilasta wa kowa cikin sha'anin bangaskiya.

Ya rasu ranar 28 ga Agusta, 430, mayaƙan Bandal na kewaye da Hippo, shi kuwa yana karanta Zaburan tuba da ya sa aka manna masa a bango. Bai bar wasiyya ba, domin ba shi da abin bari sai littattafai. Fadanni 'yan ƙungiyarsa daga Ailan sun yi aikin bishara a Adamawa da Borno, babbar makarantar firistoci ta Jos da aka buɗe a 1967 tana ɗauke da sunansa, Paparoma Leo na 14 da aka zaɓa a 2025 shi ma ɗan ƙungiyar ne.